Kira ga NAFDAC da Hukumomin Lafiya kan Allurar Amai

Zuwa ga Shugabar Hukumar NAFDAC, da Magatakardan Hukumar PCN mai kula da masu harhaɗa magunguna da masu sayar da su, da kwamishinonin lafiya na jihohinmu na Arewa.

Ranku ya daɗe, na ɗauki alƙalami ne a kan wata ƴar ƙaramar kwalba da ta zama ruwan dare a unguwanninmu. Likitoci na kiranta metokulofiramid, ma'aikatan asibiti sun fi saninta da Plasil ko Maxolon, ƴan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa da Primperan. A bakin talaka sunanta allurar amai. Roƙona shi ne a mai da ita hannun waɗanda suka san ta, a kuma gaya wa jama'a, da harshen da suke ji, abin da takan haifar.

Ba ina kiran a haramta ta ba ne. Tun da masana suka samar da ita a Faransa a 1964 take taimakon marasa lafiya, tana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai cikin da laulayi ya hana ta riƙe ko da kurɓin ruwa, da wanda ya farfaɗo daga tiyata, da mai shan maganin sankara, duk sun san ranarta. Haka mai ciwon suga da ya daɗe har jijiyoyin tumbinsa suka yi sanyi, abinci ya kwana a cikinsa bai sauka ba. Ga ta da araha.

Aikinta biyu ne. Tana zaburar da tumbi ya tura abinci zuwa hanji da wuri, tana kuma tare wani sinadari mai suna dofamin a sashen ƙwaƙwalwa da ke tayar da amai. To, wannan dofamin ɗin shi ne kuma ke daidaita motsin gaɓoɓi. Idan maganin ya yi yawa, ko ya faɗa jikin da bai ɗauke shi ba, sai wuya ya murɗe gefe guda, idanu su juye sama su ƙafe, haƙora su datse, harshe ya zazzago. Wannan kan faru a kwana ɗaya ko biyu na farko, wani lokaci bayan allura ɗaya tak, kuma ya fi samun yara da ƴan mata.

Na ga irin haka a maƙwabtanmu. Yarinya ce budurwa, zazzaɓi da amai suka kama ta, da magariba aka kai ta kemis aka yi mata allura. Amai ya tsaya, aka ce alhamdu lillahi. Washegari da hantsi sai ga kanta ya karkace kan kafaɗa, baƙin idonta ya ɓuya, tana jin duk abin da ake faɗa amma baki ya ƙi buɗuwa, sai hawaye. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ya cika. Wata ta ce ai dama jiya an gan ta tana zubar da ruwan zafi a bakin kwata ba bisimilla. Aka kawo garwashi da hayaƙi, aka aika a kira malam. Cikin taron nan kaf ba wanda ya tambayi abin da aka yi mata daren jiya, har sai da wata ma'aikaciyar jinya da ke layin ta leƙo ta ce, "Hajiya, wace allura aka yi mata?" Aka lalubo fasasshiyar kwalbar a leda. Ta ce a tafi asibiti yanzu-yanzu. Can aka yi mata wata allurar, kafin la'asar tana zaune tana shan kunu.

Wannan ta yi sa'a. Da yawa ba sa haɗuwa da mai yin wannan tambayar. Yarinya takan tashi da tambarin mai aljanu, tambarin da kan bi ta har lokacin da manema suka fara zuwa. Wasu iyayen kan ɗauka sanƙarau ne ko ciwon sarƙewar haƙora, kuma ko a asibiti, idan ba a faɗa wa likita an yi allura a waje ba, yana iya kwantar da yaro ya ɗebi ruwan bayansa don gwaji, a kashe kuɗi a sha wahala a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware. Mafi muni shi ne gidan da ba su gane ba, amai ya dawo, su koma a ƙara wata. Sandarewar nan takan saki idan an daina maganin, amma jefi-jefi takan kama maƙogwaro ta taɓa numfashi.

Ranku ya daɗe, Amurka da Turai sun riga sun ja wa maganin nan layi. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a sa masa gargaɗi mafi tsanani da take da shi, saboda wanda ya daɗe yana shan sa, musamman tsofaffi, kan kamu da motsin baki da harshe da fuska wanda ba ya iya tsayarwa, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Ta ce kada a wuce mako 12. A 2012 Faransa ta hana ba wa duk wanda bai kai shekara 18 ba. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta duba lamarin gaba ɗaya, ta ce kada a wuce kwana 5, kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ko ta halin ƙaƙa, sauran yara kuma sai bayan tiyata ko maganin sankara, shi ma idan wani maganin ya gaza. Babba kada ya wuce miligiram 30 a yini, a bar aƙalla awa 6 tsakanin wannan da wancan, idan kuma ta jijiya ce a tura ta a hankali, ba ƙasa da minti 3 ba.

A auna wannan da abin da ke faruwa bayan labulen kemis. Kwalba ɗaya miligiram 10 ce cikin mililita 2. Yaro mai nauyin kilo 10, idan ma ya cancanta, abin da zai ɗauka bai wuce miligiram 1 zuwa ɗaya da rabi ba, wato ɗan ɗigon da ke ƙasan sirinji. Amma ma'aunin da aka saba da shi shi ne babba kwalba guda, yaro rabi. Rabin nan ya ninka ƙa'ida fiye da sau uku. Kuma a kemis nawa ne ake da sikelin auna yaro?

Akwai abin da ya fi wannan tayar min da hankali. Amai alama ce, ba shi ne ciwon ba. Yaron da ke amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya alamar haɗari ce, asibiti ake garzayawa da shi, domin yana iya zama zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ke buƙatar allurar atesunet. Idan an tsayar da aman, uwa ta samu kwanciyar hankali ta koma gida, ciwon yana nan yana ci. Likitocin tiyata a Arewa sun san yawan yaran da taifot ke huda wa hanji, kuma an hana wannan magani ga wanda hanjinsa ya huje, ko ya toshe, ko yake zubar da jini, don zaburar da hanji mai rauni ƙara masa ɓarna ne. An hana shi ga mai farfaɗiya. Ga amai da gudawa na yara kuwa, abin da aka yarda da shi shi ne ruwan gishiri da suga da ƙwayar zinki. In yaro ya amayar, a jira minti 10, a ci gaba da cokali-cokali.

Doka ba ta bar giɓi a nan ba. Lasisin mai kemis bai ba shi damar yin allura ba, bai kuma ba shi damar sayar da maganin da sai likita ya rubuta ba. Amma a yi masa adalci. A ƙauyen da asibitin sha-ka-tafi ke rufe tun azahar, shi ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da bashi har kaka. Mu kanmu muna da laifi, don a wurin da yawanmu maganin da ba a tsira da allura ba bai cika magani ba, mai kemis ɗin da ya ƙi yi kuwa gobe maƙwabcinsa za a je. Saboda haka kame da rufe shago kaɗai ba za su gama aikin ba.

Abin da nake roƙo da farko shi ne a tare ta daga tushe. Tun da aka umarci dillalan magani na Sabon Garin Kano su koma cibiyar Dangwauro a 2024, an samu ƙofa guda da za a iya tsayawa a kanta. A sa wannan allura cikin kayan da ba a sayar wa kowa sai asibiti da kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani, da rajistar wanda ya saya. Hukumomin da suka hana maganin tari mai kodin a 2018 ba za su gaza wannan ba. NAFDAC kuma ta wajabta wa kamfanoni su buga gargaɗi a jikin kwali da manyan baƙaƙe, har da Hausa, boko da ajami, maimakon takardar Turanci mai ƙananan rubutu da ake yarwa tun a shago.

Kwamishinoni, gidajen rediyon jihohi na hannun gwamnatocinku. Saƙon gajere ne: duk wanda wuyansa ya murɗe ko idonsa ya ƙafe bayan allura ko ƙwayar amai, a kai shi asibiti tare da kwalbar ko kwalin. Ina ba da shawara a zauna da limamai da malaman ruƙiya a kan wannan, don su ake fara kira. Malamin da ya san ya tambayi "an ba ta wani magani?" kafin ya fara karatu zai ceci mutane da yawa, kuma hakan bai rage komai daga addu'arsa ba.

Sai maganin warware sandarewar. Ya kamata duk asibitin da ke ajiye allurar amai ya ajiye makarinta, ma'aikata su san yadda ake ba da shi. Na san abin da zai sa ku ɗari-ɗari, tun da ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna shi ne Exol da matasa ke ɗirka don maye. A kulle shi a kabad, a rubuta duk wanda aka ba, amma kada tsoron ƴan ƙwaya ya sa a rasa shi a inda ake buƙatarsa.

NAFDAC na da takardar kai rahoton illar magani, ta kuma ƙaddamar da manhajar Med Safety a 2020. Ina roƙon a umarci asibitocin jihohi su riƙa cike ta duk lokacin da aka kawo irin wannan, su rubuta shekarun mara lafiya da inda aka yi masa allurar, a tattara na shekara guda a buga kowa ya gani. Da wannan ne za ku yanke ko ƙa'idar Turai ta 2013 ta ishe mu, ko kuwa yanayinmu na buƙatar irin matakin da Faransa ta ɗauka a 2012.

Allah ya taimake ku, ya dafa muku a kan amanar da ke wuyanku.