Sharhi: Makarantun Baƙi A Abbasiyya Da Yaran Da Babu Sunansu A Rajista

Duk ɗalibin Nijeriya ko Nijar da ya taɓa karatu a jami'ar Azhar ya san unguwar Abbasiyya da ke birnin Alƙahira, domin kuwa a nan ne masaukin ɗalibai baƙi yake, wato Madinatul Bu'us, wanda ya karɓi dubban 'yan Afirka ta Yamma tun wajen ƙarshen shekarun 1950. A wannan unguwa ce kuma jami'ar Ain Shams take, da masallacin Nur, da babbar majami'ar Kibɗawa. To sai dai akwai wasu ɗaliban na daban da ba kasafai ake maganarsu ba, su ne ƙananan yara 'yan gudun hijira, akasarinsu daga Sudan da Sudan ta Kudu, waɗanda ke cika titunan yankin da sassafe a kan hanyarsu ta zuwa makarantun firamare da al'ummarsu ko ƙungiyoyin addini suka buɗe musu.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu a yankin ita ce ta Charles Lwanga, wadda limaman ɗariƙar Comboni na majami'ar Katolika da ke Sakakini, daura da Abbasiyya, suka kafa domin 'ya'yan mutanen da yaƙin basasar kudancin Sudan ya koro. Da manhajar Sudan ake karantarwa a cikinta, kuma Kirista da Musulmi ne ke zama a benci guda. Shi kansa Daniel Comboni, wanda ɗariƙar ke ɗauke da sunansa, tun a shekarar 1867 ya buɗe wa 'yan Afirka makarantu a Alƙahira, saboda haka al'amarin ba sabo ba ne. Abin da ke sabo shi ne yawan yaran.

Tun bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF a ranar 15 ga watan Afrilun 2023, gwamnatin Masar ta ce 'yan Sudan sama da miliyan ɗaya suka tsallaka zuwa cikin ƙasarta. Wani rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta bayar a watan Disamban 2024 ya nuna cewa yara dubu 246 da suka isa shiga makaranta ne ke cikin kundin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Masar, kuma an ƙiyasta cewa kimanin rabinsu ba sa zuwa makaranta. Wannan adadi fa na waɗanda aka rubuta sunayensu ne kawai. Kazalika adadin ba ya tsayawa wuri guda: bayan da sojan Sudan suka sake kama birnin Khartoum a watan Maris na 2025, iyalai da dama sun kama hanyar gida, har gwamnatin Masar ta tanadar musu jiragen ƙasa kyauta zuwa Aswan, alhali wasu kuma na ci gaba da isowa daga Darfur da Kordofan. Shugaban makarantar da ya fara zango da aji cike maƙil yana iya ƙare shi da wasu fuskoki dabam.

A kan takarda dai an bai wa 'yan Sudan da Sudan ta Kudu da Siriya da Yaman damar shiga makarantun gwamnatin Masar. Amma a aikace sai yaro ya gabatar da takardar izinin zama wadda ba ta ƙare ba, da takardar haihuwa, da shaidar ajin da ya baro. Uwar da ta fita daga Omdurman harsashi na tashi, da goyo a baya, ina ta ga sukunin ɗaukar sakamakon jarrabawar ɗanta? Ita kuwa takardar izinin zama, samunta kan ɗauki watanni masu yawa. Daɗin daɗawa, lokacin da Masar ta shiga yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira a shekarar 1981, ta keɓe kanta daga wasu sassa, ciki har da sashen da ya wajabta bai wa ɗan gudun hijira ilimin firamare daidai da ɗan ƙasa. Ta haka ne iyaye suka koma ga makarantun al'umma, waɗanda da yawansu ba su da gata irin na makarantar majami'a mai harabarta. Wani gida ne kurum ake kamawa haya a bene na uku ko na huɗu, a mai da ɗakunan kwana azuzuwa, ƙofa ɗaya, matakala ɗaya, a cusa yara har inda wuri ya ƙare.

A tsakiyar shekarar 2024 mahukuntan Masar suka shiga rufe makarantun 'yan Sudan da ba su da lasisi, musamman a yankin Giza. Ba za a ce hujjarsu ba ta da tushe ba. Ƙasar da ta ga abin da ya faru ranar 12 ga watan Oktoban 1992 tana da dalilin jin tsoron matakalar makaranta. A ranar ce girgizar ƙasa ta afka wa Alƙahira da misalin ƙarfe uku na rana, ta halaka mutane fiye da 500, kuma da yawa daga yaran da suka rasu ba gini ne ya faɗo musu ba, turereniya ce ta kashe su sa'ilin da suke rige-rigen sauka daga bene. Ko a watan Oktoban 2022 ma, a farkon zangon karatu, katangar matakala ta rufta a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati a yankin Kerdasa, yarinya guda ta rasu, wasu suka jikkata. Haka nan kuma dole a yi wa Masar adalci: tana da ɗalibai kimanin miliyan 25 a makarantunta, kuma ministan iliminta Muhammad Abdullaɗif ya faɗa a 2024 cewa ƙasar na da giɓin azuzuwa wajen dubu 250. Wanda bai gama ciyar da gidansa ba, ga kuma baƙi sun cika zaure.

Amma duk da haka, rufe makaranta ba shi ne kare yaro ba. Yaron da aka rufe wa makaranta ba ɓacewa yake yi ba. Ko dai ya zauna a gida shi kaɗai, an kulle masa ƙofa saboda uwarsa ta tafi aikatau, ko ya faɗa titi, ko kuma, wanda shi ne ya fi yawa, malamansa su koma wani gidan a ɓoye, ba allo a ƙofa, tagogi a rufe don kada maƙwabta su ji hayaniya. Ke nan hatsarin da aka so kawarwa ya ƙaru, sai dai yanzu babu jami'in da ya san inda yake. In gobara ta tashi a irin wannan wuri, 'yan kwana-kwana ba su san akwai yara a ciki ba, balle su san guda nawa za su nema.

A nan ne batun rajista ya wuce zancen ƙididdiga. Littafin kiran suna shi ne matakin farko na tsaron makaranta. Da shi ake sanin ko ɗakin da aka gina don mutum ashirin yana ɗauke da sittin, da shi ake sanin wa zai zo ɗaukar yaro in an tashi, da wanda ke da ciwon asma, da wanda bai iya Larabcin Masar ba har da zai fahimci umarnin a fita waje. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a ajin da ya haɗa ɗan Dinka da ɗan Nuba da ɗan Fur.

Mutanen Abbasiyya sun san tsaro ta wata fuskar. Tun bayan harin bam na ranar 11 ga watan Disamban 2016 a cocin Buɗrusiyya da ke jikin babbar majami'ar Kibɗawa, wanda ya halaka mutane fiye da 25, an saba ganin 'yan sanda da shingaye a ƙofofin wuraren ibada. Wannan ya dace. Sai dai abin da ya fi barazana ga yaro ɗan shekara bakwai a kullum shi ne wayar lantarki da ta zube, da ƙofar ƙarfe da aka garƙame da kwaɗo, da tsallaka titin Ramsis a lokacin da motoci ke gudu. Ɗan sanda a bakin ƙofa ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A watan Afrilun 2021 yara kusan 20 suka ƙone a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, a watan Nuwamban wannan shekarar kuma wasu fiye da 20 suka rasu ta irin wannan hanya a Maraɗi. A ranar 12 ga watan Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy ya rufta a Jos, mutane 22 suka mutu. A ko'ina dalilin bai sauya ba: yara sun fi azuzuwa yawa, an samar musu wuri cikin gaggawa, ba a kuma duba wurin ba sai bayan an yi jana'iza.

A watan Disamban 2024 Masar ta kafa dokarta ta farko kan neman mafaka, wadda ta amince da haƙƙin yaro ɗan gudun hijira na samun ilimin farko. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da wannan haƙƙi ita ce a raba shigar yaro makaranta da takardar zaman iyayensa, a kuma bai wa makarantun al'umma lasisin wucin gadi bisa sharuɗɗa kaɗan da za su iya cikawa: iyakar yara a kowane ɗaki, ƙofar da ke buɗewa daga ciki, tukunyar kashe gobara, da rajistar da za a miƙa wa ofishin ilimi na yanki a kowane zango. Ƙasashe masu ba da agaji kuwa, waɗanda suka daɗe suna yaba wa Masar kan karɓar baƙi, su ne ya kamata su biya kuɗin gyaran gine-ginen.

Su ma ofisoshin jakadancin Nijeriya da Nijar a Alƙahira, da ƙungiyoyin ɗalibansu, akwai aikin da ya rataya a wuyansu. Daga cikin masu karatun digiri a Azhar akwai magidanta da ke zaune da iyalansu a gidajen haya a kewayen Abbasiyya da Madinatu Nasr, kuma takardun zamansu su ma kan makara. Ya kamata a ce akwai wanda ke riƙe da jerin sunayen 'ya'yansu, da makarantar da kowannensu ke zuwa, da bene na nawa ajinsa yake.