Zancen Wata: Yaron da Bai Yi Baki Ba



Kwanakin baya na je suna a Nima, sai wata baiwar Allah ta jawo ɗanta ta ce, "Malam, dubi yaron nan, shekararsa uku amma ko Mama bai taɓa cewa ba." Kafin in buɗe baki, wata tsohuwa ta ce ai namiji ne, nauyin baki gare su. Wata kuma ta ce a kai shi a yi masa rubutu. Ba wadda ta ce a gwada kunnensa. Alhali yaro da kunne yake koyon magana. Abin da bai ji ba, ba zai faɗa ba. Sanƙarau da ƙyanda da ruwan kunne da aka yi wa sakaci duk suna kurmantar da yaro, iyaye ba su ankara ba.

To, wannan ilmi ne mai zaman kansa, ana kuma karanta shi a nan ƙasar Gana. Jami'ar kiwon lafiya da ke Ho tana da sashen nazarin magana da harshe da ji. Jami'ar Gana kuma tana ba da digiri na biyu a fannin a Korle Bu. Ɗalibi zai san yadda kunne yake aiki, yadda ƙwaƙwalwa take kama harshe, da yadda ake taimakon mai i'ina ko dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana. Ba yau aka fara kula da kurame a nan ba: tun 1957 Andrew Foster, wani kurma baƙar fata daga Amurka, ya buɗe musu makaranta a Akra, daga baya ta koma Mampong.

Abin da ke damuna shi ne, ina 'ya'yan zango? Da mun ga yaro mai ƙoƙari sai mu ce likita ko lauya, shi ke nan. Amma wanda bai ji Hausa ba, ta yaya zai gane ko yaro ya bambanta garin da ake zama da garin da ake tuwo? Ko Bakano ma, idan ya ji ɗan Nima ya ce "yarinya ya zo", sai ya ɗauka matsala ce, alhali Hausarmu ce haka. Kuma a daina ɗora wa yawan harsuna laifi. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, Tiwi a kasuwa, Turanci a boko, ba wannan ke hana shi baki ba.

Ita dai uwar yaron na ce ta kai shi asibiti a auna jinsa. Ta ce sai Alhaji ya dawo daga Kumasi.