Tara A Wuyan Direba, Riba A Aljihun Mai Kaya

Wannan magana ce zuwa ga malamai da fatake a kan sha'anin direbobin manyan motoci, da tarar da ake cinsu a hanya, da wanda ya kamata ya tsaya musu ran da aka kai su gaban shari'a.

Duk buhun hatsin da ya bar kasuwar Dawanau, da duk san da aka ɗora a Potiskum za a kai Ikko, a hannun direba yake tafiya, shi kuma ake tsayarwa a shinge. A shekarar 1988 gwamnati ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, aka sake mata doka a 2007, aka jera laifuffuka da abin da za a biya a kan kowanne. A cikin dokar nan an yanka naira 10,000 ga wanda ya yi lodi fiye da kima, haka ma mai tuƙi ba lasisi, tuƙin ganganci kuwa naira 50,000. Daga 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Jihohi kuma suna da nasu ma'aikatan, kamar KAROTA da aka kafa a Kano a 2012, kowa da littafin tararsa.

Kada wani ya ce wannan doka ta Nasara ce, ba ruwan Musulmi da ita. Mai Risala ya riga ya ɗora lamuni a kan mai kora dabba da mai janta da mai hawanta, bisa abin da ta taka. To, in haka ne hukuncin mai riƙe da akalar raƙumi, ina ga mai riƙe da sitiyarin tirela? In rai ya salwanta bisa kuskure akwai diyya, akwai kaffara, azumin wata biyu a jere. Gaskiya ne magabata sun yi saɓani a kan ladabtarwa da dukiya, amma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma ya halatta ga shugaba ya ci tarar wanda ya saɓa.

Abin dubawa shi ne wanda tarar take faɗa wa. Tirelar da kowa ya san lodinta buhu 600 na taki ko siminti, farke ne yake matsawa a ƙara masa buhu ɗari don kuɗin mota ya yi masa sauƙi. Mai mota ne yake ganin taya ta suɗe, birki ya yi sanyi, ya ce a lallaɓa a yi sawu ɗaya tukuna. Ɗan kamasho ne yake ɗora mutane bisa kaya, su zauna a sama kamar tsuntsaye. In direba ya ƙi, a karɓe makulli a ba wani, ga shi da iyali. In ya yarda aka kama shi, sunansa ne za a rubuta a takardar laifi, lasisinsa ne za a riƙe, sa'an nan a zare tarar daga ladansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Wanda ya yi umurni da ƙarin lodi, ya ci ribarsa, ba shi da hujja gaban Allah in ya janye jiki ran biya.

Sa'an nan da yawa daga direbobi ba su san suna da bakin magana ba. Wanda aka ba takardar laifi, in ya san ya yi, ya biya a banki ya karɓi rasit. In ya san bai yi ba, yana da ikon ya nemi a kai shi gaban majistare, ko da a kotun tafi-da-gidanka ce ta bakin hanya. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma yana da ikon ya kāre kansa ko ya ɗauki lauya, a kuma ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Malamai ba su baƙunci wannan ba, gama a shari'a ma mai ƙara ne yake kawo shaida. Amma direban da tumatir ke ruɓewa a bayansa, ko shanu ke galabaita, sai ya ce ya amsa don a sake shi da wuri, alhali iƙirari yana rufe ƙofar jayayya. Wani kuma ko kotun ba ya bari a kai, sai ya dunƙule hannu ya miƙa, ya manta an la'anci mai ba da rashawa tare da mai karɓarta. Kuɗin nan ba rasit, gobe kuma a shinge na gaba za a sake nema.

Akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfin ɗaukar lauya, sai dai ba ta tsaye a bakin kowane shinge. Saboda haka ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, da suke karɓar kuɗin ƙungiya a tasha, ya kamata su ajiye lauya a kowane babban gari na hanyar Kurmi, su ba kowane direba lambar wayarsa. Fatake kuwa, tun da Alƙur'ani ya hori masu mu'amalar bashi da su rubuta, su rubuta wannan ma. Kafin mota ta tashi a sa adadin buhu a takardar kaya, a faɗi wanda zai biya in an ci tarar lodi da wanda zai biya in ta taya ce ko birki, farke da mai mota da direba su sa hannu gaban shaidu biyu. Tarar gudu da ta ganganci ita ce ta direba shi kaɗai.