Ruwa Ba Sa'an Kwando Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, mu mutanen tudu ne, amma ruwa ya daɗe da zama maƙwabcinmu. Tun daga shekarar 1974, lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suke zaune kusa da tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178. Kogin Kano ya ratso dajin Falgore ya zo ya cika shi, shi kuma ya shayar da gonakin Kadawa da Kura. Amma kuwa, in za mu faɗa wa juna gaskiya, kaɗan ne daga cikinmu suka iya ninƙaya, kuma ba kasafai muke tambayar lafiyar jirgi kafin mu ɗora ƙafa a cikinsa ba.

Abin da ya kawo wannan magana shi ne wata irin tafiyar shaƙatawa da mutanenmu masu karatu ko aiki a ƙasashen waje, musamman Masar, suke cin karo da tallarta. Mutum ya biya kuɗi ya shiga jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, ya yi mako guda a cikin teku ba tare da ya taka ƙasa ba. A nan zai ci, a nan zai kwana, kullum kuma ya yi nutso sau uku ko huɗu da tukunyar iska a bayansa, yana kallon duwatsun murjani da kifayen da ke zaune a cikinsu. Ra'ayinmu shi ne tafiya ce mai kyau ga wanda Allah ya hore wa, amma ba a zaɓenta da hoton talla ko da arahar kuɗi. Ana zaɓenta da tambayoyi uku, kuma tambayoyin nan su ne ya kamata mu riƙa yi a bakin Tiga.

Bahar Maliya ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu da suka tafi aikin Hajji a ƙasa ta Sudan, daga Sawakin suke shiga jirgi su ƙetare zuwa Jidda, suna wucewa ta kan murjanin nan. Sunansa ma muna da shi a harshenmu, domin jan dutsen wuyan da iyayenmu mata ke kira murjani daga danginsa yake. Murjani kuwa dabba ce 'yar mitsitsiya, wadda ke gina wa kanta gida mai tauri, gida kan gida, har ya zama dutse. Duwatsun nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na irin halittun teku sun dogara da su. A 1943 Bafaranshen nan Jacques Cousteau da abokinsa Emile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi da masu nutso ke goyawa, a 1963 kuma Cousteau ya kafa gidan gwaji a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, kusa da Port Sudan, inda mutane suka zauna wata guda. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya sa mai hankali ba zai nufi can don shaƙatawa ba, saura garuruwan Masar irin su Hurghada da Marsa Alam.

Tambaya ta farko, mutum ya yi wa kansa ita: na cancanta? Nutso da tukunyar iska ilimi ne. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin ruwa a jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a bakin teku. Wani sinadari na iskar da yake shaƙa, watau naitirojin, yana narkewa cikin jininsa. In ya taso da gaggawa sai sinadarin ya yi kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi in an buɗe shi, kumfar kuwa tana iya shanye jiki ko ta kashe. Don haka ake tasowa a hankali, ba a riƙe numfashi, kuma wanda ya yi kwanaki yana nutso ba ya hawa jirgin sama sai bayan awa 18 aƙalla. Takardar shaida ta matakin farko mita 18 kawai ta yarje wa mutum, ta biyu mita 30. Da yawa daga masu jiragen da ke zuwa wurare masu ƙarfin igiya, irin su Daedalus da tsibiran Brothers, suna neman wanda ya yi nutso 50 a baya. Duk kamfanin da ya karɓi kuɗinka bai tambayi takardarka ba, to ya nuna maka matsayin ranka a wurinsa.

Tambaya ta biyu, jirgin fa? Ranar 25 ga Nuwamba 2024 wani jirgi mai suna Sea Story ya kife da dare kusa da Marsa Alam, da mutum 44 a ciki, bayan hukumar yanayi ta Masar ta yi gargaɗin iska. An ceto 33, an sami gawa 4, mutum 7 suka ɓace. A watan Fabrairu na 2025 hukumar binciken haɗarin jiragen ruwa ta Ingila ta fitar da gargaɗi cewa ta san haɗari 16 na irin waɗannan jirage a Bahar Maliya cikin shekara 5. Ta ambaci jiragen da aka yi wa ƙare-ƙare har suka rasa daidaito, da kayan ceto da suka lalace, da hanyoyin tsira da ba a iya bi. Saboda haka mai tafiya ya tambaya tun kafin ya biya: ina ƙofar tsira daga ɗakin kwana, tana buɗuwa kuwa? Akwai mai gadi da dare saboda gobara? Rigunan ceto da kwale-kwalen ceto sun ishi kowa? Akwai iskar oksijin ta agajin gaggawa, kuma awa nawa ne zuwa asibiti mai ɗakin matsa iska na jinyar masu nutso? Araha ba ta ado. Kamfanin da ya rage kuɗi ƙwarai, sau da yawa a kan waɗannan abubuwa yake ragewa.

Tambaya ta uku, murjanin zai tsira daga ziyararmu? Waɗansu irinsa ba su wuce santimita 1 ko 2 na girma a shekara, amma ƙugiyar jirgi guda tana farfasa ginin shekara ɗari. In ruwa ya yi zafi da yawa kuma sai ya kori 'yan tsire-tsiren da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. A watan Afrilu na 2024 masana suka sanar da karo na huɗu da wannan fari ya game duniya. Jirgin kirki yana ɗaure igiyarsa ne a matsayar da aka tanada, yana hana taɓa murjani, ba ya zubar da shara a teku.

Mun san wani zai ce, ina ruwan ɗan Kiru da wasan masu kuɗi, alhali kuɗin makaranta ma da ƙyar? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin yawancinmu ba za mu taɓa yin wannan tafiya ba. Amma a dubi abin da ya faru ranar 30 ga Nuwamba 2021 a madatsar Watari, lokacin da kwale-kwalen da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife saboda lodi ya yi yawa. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Mutum nawa jirgin nan yake ɗauka, ina rigunan ceto, wa ya iya ruwa a ciki? Tambayoyin Bahar Maliya ke nan, ba a yi su a Watari ba. Haka nan duk damina muna jin labarin ma'aikatan kashe gobara na Kano suna tsamo gawar samari daga kududdufai.

Kuma kada a ce nutso baƙon abu ne ga ƙasar Hausa. Kabawa suna gasar nutso da ninƙaya a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Masunta suna da Sarkin Ruwa, suna da ƙa'idojinsu. Abin da muka rasa shi ne haɗa wannan gado da ilimin zamani.

Don haka muna kira. Ƙungiyoyin ɗalibai su nemi a sa koyon ninƙaya da ceton wanda ruwa ya ci cikin wasannin jami'a. Ƙananan hukumomin da ke kewaye da Tiga su rubuta adadin fasinja a jikin kowane kwale-kwale, su tilasta sa rigar ceto, su haɗa kai da sarakunan ruwa wajen tabbatar da haka. Gwamnatin jiha ta horar da 'ya'yan masunta aikin nutso da kayan zamani, domin duba jikin madatsu da aikin ceto, tana tuna yadda madatsar Bagauda ta fashe a 1988. Likitoci kuma su riƙa wayar da kan jama'a kan tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da na magudanan rani.

Mu kuma da muka yi karatu, nauyin tambaya a wuyanmu yake. Wanda ya samu dama ya je ya ga ikon Allah a ƙarƙashin teku, ya je da takardar shaida da idon basira. Wanda bai samu ba, in ya zo bakin ruwa ya ga lodi ya wuce kima, ya yi magana, ya jira sawu na gaba, ko da za a kira shi matsoraci. Allah Ya kiyaye mu a tudu da ruwa, amin.