ZANCEN GIDA: Ɗiyarmu Ta Komo Da Manyan Kalmomi



A watan jiya muka kai ziyara gidan wani abokinmu a Talata Mafara, muka tarar ɗiyarsa ta zo hutu daga makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe, inda ta ke cikin shekararta ta fari. Tana zaune bisa tabarma a gindin darbejiya, ta yayyanka kwalin sukari ƙanana ƙanana, kowane guntu da rabin kalma a rubuce, tana jujjuya su tana gunaguni. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba uban ya kawo ƙara. Ya ce, "Malam, ka ga yarinyar nan. Shinkafa na sayar na biya kuɗin makaranta domin ta koyi yin allura da wankin miki, ga ta nan tana haddar wani yare wanda ko Turawa ba su yi a gidajensu." Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, jarrabawar fari ban ci ba. Kalmomin sun fi ƙarfina. Ina ga gara in bari."

Mun san ba gidan nan kaɗai ba ne. Kowace shekara yaranmu na Mafara da Bakura da Maradun suna tafiya Tsafe, ko makarantar nas da ungozoma ta Gusau, ko Sakkwato, kuma dutsen farko da su ke tuntuɓe da shi ke nan. Kafin a bar ɗalibi ya taɓa majinyaci sai ya koyi sunayen gaɓoɓin jiki da na cututtuka. Ƙasusuwan babban mutum kaɗai 206 ne, kowane da sunansa.

Gaskiyar uban fa, ba Turanci ba ne. Yawancin kalmomin nan daga Helenanci da Latin su ke, shi ya sa ɗan Ingila ma da gumi ya ke koyonsu. Likitocin Helenawa na dā, irin su Hifokaratis wanda aka haifa wajen shekara 460 kafin haihuwar Almasihu, su ne suka fara raɗa wa cututtuka waɗannan sunaye. Malaman Larabawa suka juya littattafansu, suka ƙara nasu sani, daga baya mutanen Turai suka juya na Larabawan zuwa Latin. Da sunaye suka yi yawa, har gaɓa ɗaya tana da suna uku ko huɗu, sai masana suka taru a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1895, suka tsai da sunaye kamar 5,000 waɗanda kowa zai riƙa amfani da su. Amfanin wannan shi ne, abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta a Bakura, likitan da ke Sakkwato ko Alƙahira zai karanta ya gane abu ɗaya. Mu ma Hausawa ba baƙin aro ba ne. Likita da asibiti daga Turanci muka ɗauko su, basir kuwa daga Larabci, sun zauna a bakinmu har mun manta baƙi ne.

Muka karɓi kwalayen yarinyar muka duba. Ashe dabarar tana hannunta, ba ta dai gane ba tukuna. Tana haddace kowace kalma dunƙule, kamar mai haɗiye goriba da ƙwallonta. Alhali kalmomin nan gini ne, tubali bisa tubali. Akwai uwar kalma wadda ke nuna wurin da abin ya ke a jiki, akwai abin da a kan liƙa mata a gaba, akwai wutsiya. Hefa hanta ce, nefro ƙoda, kadiyo zuciya, gastaro tumbi, dama fata, haima jini. Wutsiyar nan da su ke ce da ita aitis, ma'anarta kumburi ko hura. To, hefataitis kumburin hanta ke nan, nefraitis na ƙoda, gastaraitis na tumbi, damataitis na fata. Wanda ya san tubali ɗari biyu zai iya warware kalmomi dubbai waɗanda bai taɓa gani ba. Mu ma haka mu ke yi, ba mu lura ba ne kawai. Wanda ya san noma da ƙira da ɗinki, ba sai an gaya masa ko wane ne manomi da maƙeri da maɗinki ba.

Akwai tubala biyu da muka roƙe ta kada ta yi wasa da su, watau haifa da haifo. Na fari yana nufin abu ya yi yawa, na biyu abu ya yi kaɗan, bambancinsu kuwa a baki ɗan kaɗan ne. Mai ciwon sukari wanda ya sha magani bai ci abinci ba, sukarin jininsa ya kan faɗi, ya kama gumi da rawar jiki, ya ruɗe. Abin da ya ke bukata a sa'an nan shi ne a ba shi abu mai zaƙi nan da nan, muddin yana iya haɗiya. Ɗalibin da ya rikita kalmomin biyu ya ƙara masa maganin rage sukari, ya iya kashe shi. Saboda haka malaman da ke tsananta wa yara a kan harafi ɗaya ba mugunta su ke yi ba.

Amma ba wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami a watan nan ba. Ga abin da ya faru.

Muna cikin hira sai ƙanenta, yaro ɗan shekara goma, ya shigo jiƙe sharkaf daga wanka a magudanar ruwan noman rani. Kakarsu ta yi dariya ta ce, "Wannan ai ya zama namiji, tun bara ya ke tsargiya." Ba wanda ya ɗaga kai, har da ɗalibarmu. Muka ɗauki kwali biyu daga cikin nata, ɗaya an rubuta jini, ɗaya fitsari, muka haɗa su muka ce, "Ɗiyata, karanta mana." Ta ce, "Hemacuriya, Baba. Wannan na ci ta a jarrabawa." Muka ce, "To, mene ne ita da Hausa?" Ta yi shiru. Can sai ta dubi ƙanenta, ta dafe baki.

Kun gani, ta san kalmar, ta sami maki a kanta, amma ba ta taɓa zaton abin da ke cikin littafin shi ne ke kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Kalmar tana Tsafe, ciwon yana Mafara, ba su gamu ba.

Bari mu ɗan tsaya a kan tsargiya, gama ta shafi kusan kowane gida a wajenmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 bisa gulbin Sakkwato, aka ja magudanai zuwa gonakin Maradun da Mafara da Bakura, mun sami shinkafa da dankali da kayan miya rani da damina. Amma ruwa mai tafiya a hankali shi ne gidan wasu ƙananan dodon koɗi, a cikinsu kuwa ƙwayar wannan ciwo ta ke girma. Idan ta fito cikin ruwa sai ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai dashen shinkafa, ta shiga jini, ta zama tsutsa, ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke yi wa mafitsara rauni, shi ya sa jini ke biyo ƙarshen fitsari. Idan mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya koma cikin dodon koɗi, abin ya sake zagayowa. Wani likita Bajamushe mai suna Tiyodo Bilhaz ne ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, shi ya sa waɗansu ke ce da ciwon bilhaziya. A littafin ɗiyarmu sunansa shistosomiyasis, watau ciwon tsutsa mai tsagaggen jiki, domin namijin yana da wata tsaga a jikinsa inda macen ke kwanciya.

Ba alamar balaga ba ce, iyaye. Ciwo ne. Yana rage wa yaro jini, ya hana shi girma da kuzarin karatu, in ya daɗe shekaru ya lalata mafitsara da ƙoda, har ya kan kai ga ciwon daji na mafitsara. 'Yan mata ma suna kamuwa, ya taɓa musu mahaifa, sai dai su ba su faɗi. Maganinsa ƙwaya ce da a ke kira farazikwantel, a kan auna nauyin yaro ko tsawonsa a ba shi ya sha a rana ɗaya bayan ya ci abinci. Sai dai wanda ya koma ruwan zai sake ɗauka, don haka a kan maimaita.

To, a ganinmu darasin kalmomi bai ƙare ba sai ɗalibi ya iya komo da kowace kalma gida. Malam ya koya masa tafiya daga Hausa zuwa Helenanci, amma majinyacin da zai tarar a ɗakin shan magani na ƙauye Hausa ya ke ji, wani ma Fulatanci. Mun sha ganin ƙaramin ma'aikaci ya dubi tsohuwa ya jefa mata kalma mai gaɓa shida, ita kuwa ta ce "To," ta fita ba ta san ko mutuwa aka ce za ta yi ko warkewa ba. Wani don nuna isa ya ke yi, amma da yawa don ba su san Hausar abin ba ne, ba wanda ya taɓa tambayarsu a aji.

Komowar kuwa ba ta da sauƙi yadda a ke zato, domin sunayenmu da nasu ba su hau kan juna daidai ba. Mu Hausawa mun fi raɗa wa ciwo suna bisa ga abin da ido ya gani, su kuwa bisa ga wurin da ciwon ya ke da abin da ya kawo shi. Ku ɗauki shawara. Idan idon mutum ya yi rawaya sai mu ce shawara ce, a nemo saiwa a jiƙa. Amma rawayar ido alama ce kawai, abubuwa da yawa ke kawo ta: kumburin hanta, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko amosanin jini wanda a ke ce da shi sikila, ko toshewar hanyar matsarmama. Kowane da maganinsa dabam. Ɗalibin da ya ce hefataitis ita ce shawara, shawara ita ce hefataitis, ya yi rabin gaskiya ne, har ya manta akwai masu ɗauke da ciwon hanta shekaru idonsu fari tas.

Haka kuma sanƙarau. Sunanmu yana nuna wuyan da ya sanƙare. Nasu, meninjaitis, yana nufin kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Bambancin nan yana da nauyi, gama jariri ya kan kamu da ciwon wuyansa bai sanƙare ba. Shi sai dai zazzaɓi, da ƙin nono, da kuka marar daɗi ko yawan barci, maɗigarsa kuma ta kumbura. Uwar da ke jiran wuya ya ƙage kafin ta tafi asibiti za ta makara. Ba mu manta da 2017 ba, shekarar da annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 1,000 a Nijeriya, Zamfara kuwa ita ta fi kowace jiha shan wuya.

Kafin mu tashi, uban ya shiga ɗaki ya fito da katinsa na asibiti, wanda ya ke ajiye cikin leda tun watanni. Ya ce, "To, tun da abin ya zama haka, karanta mini wannan tsutsar rubutun." Nan fa yarinya ta warware. Ta nuna masa b.d. sau biyu ke nan a rana, t.d.s. sau uku, q.d.s. sau huɗu, duka gajerun kalmomin Latin ne. Inda aka rubuta 5/7 kwana biyar a ke nufi, 2/52 mako biyu, 3/12 wata uku. Ta ce, "Baba, an ce kana da hawan jini, an ba ka maganin wata ɗaya, an ce ka koma a sake awo. Ka koma?" Ya ce ai da ciwon kai ya tafi sai ya ga ya warke. Ta ce, "Wannan ba a warkewa haka, Baba. Ya kan yi shiru ne yana ɓarna." Mun lura bai sake ta da zancen shinkafarsa ba.

Ku da ke da yara a irin makarantun nan, ga abin da mu ke roƙonku. Idan sun zo hutu kada ku bar su a lungu da littafi. Bayan tuwon dare ku ce su kawo kalma biyar, su faɗa muku da Hausa irin wadda kaka za ta gane, ba Hausar da aka cusa wa Turanci ba. In kaka ta ce ba ta gane ba, a sake. Ku kuma gaya musu sunayen da ku ke kiran cututtuka da su, da yadda mutane ke kwatanta ciwo, irin su "cikina na murɗa" da "jiri na ɗibana" da "sanyi ya kama ni," su rubuta a bayan kwalin, gama wannan ba ya cikin littafin da aka buga a Ingila ko Amurka. Ku kuma da kanku, idan ma'aikaci ya faɗa muku kalmar da ba ku gane ba, ku ce, "Malam, a yi mini da Hausa." Ba rashin kunya ba ne.

Washegari ɗalibarmu ta riƙe hannun ƙanenta suka tafi babban asibitin Mafara da fitsarinsa cikin 'yar kwalba. Aka duba a madubin likita aka ga ƙwan tsutsar, aka ba shi magani. Kaka dai har yanzu tana cewa kakansu ma ya yi tsargiya bai mutu ba. Ran Lahadi da yamma yarinyar ta hau mota zuwa Tsafe, kwalayenta a ɗaure da roba, kowane an rubuta masa Hausa a baya.