Shingen da ƴan caca ke tsallakewa

A ƙasar Indonesiya, inda Musulmi suka fi yawa nesa ba kusa ba, doka ta hana caca kowace iri. Da caca ta bar rumfar kasuwa ta shige cikin salula, sai gwamnati ta umurci kamfanonin sadarwa su toshe shafunanta na intanet. An yi ta toshewa ba dare ba rana. Duk da haka hukumar da ke bin sawun kuɗi a ƙasar, wato PPATK, ta bayyana cewa a shekara ta 2023 kaɗai rupiya tiriliyan 327 suka bi ta wannan caca, sama da dalar Amurka miliyar 20 ke nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowane shafi yana da suna, yana kuma da lamba. In mutum ya rubuta sunan, salularsa takan tambayi wata na'urar kamfani da ake kira DNS ta ba ta lambar, kamar baƙon da ke tambayar mai unguwa gidan da yake nema. Toshewa mafi sauƙi ita ce a hana mai unguwa nuna gidan. To, amma gidan yana nan daram, ƙofarsa buɗe. Ɗan caca sai ya sake tsarin salularsa don ta riƙa tambayar wata na'ura a ƙasar waje, ko ya zagaya ta hanyar da ake ce wa VPN. Masu shafunan su ma, in an rufe suna yau, gobe sun fito da sabo.

Wanda ya tsallake shingen yana ganin ya yi wa gwamnati wayo, alhali kansa ya cuta. Mai gidan cacar yana can Kambodiya ko wata ƙasa mai nisa, ba a san fuskarsa ba. In ya hana kuɗin da aka ci, wace kotu za a kai shi? Wane jandarma zai kamo shi? Mai kukan ma ba ya iya buɗe baki, tun da shi kansa ya taka doka. Ga lambar asusunsa ta riga ta faɗa hannun mutanen da bai sani ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma ma'aikata ya shafa. A watan Yuni na 2024 shugaba Joko Widodo ya kafa kwamiti na musamman don yaƙi da cacar. Cikin watan nan PPATK ta ce sama da mutum 1,000 daga ƴan majalisu da ma'aikatansu suna bugawa. A Nuwamba kuma ƴan sandan Jakarta suka sanar da kama wasu ma'aikatan ma'aikatar sadarwa, su da aka danƙa wa aikin toshewa, bisa zargin karɓar kuɗi don su bar wajen shafi 1,000 a buɗe. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Nijar ba ta tsira daga wannan iska ba. Samarin Maraɗi da Damagaram suna bin ƙwallon Turai a salula, tallar caca kuwa tana iske su har cikin ɗaki. LONANI dai tana da biro a Yamai, wanda ke da ƙara ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Shafin waje ba shi da ko ɗaya. Duk ranar da hukumomi suka tashi toshe irinsu, ya kamata su fara duba hanyar kuɗi, yadda Indonesiya ta koma rufe dubban asusun banki, domin jaka biyun da yaro ke zubawa sai ta bi ta hannun mai aika kuɗi kafin ta ƙetare iyaka. Sa'an nan a san wanda za a ba makullin toshewar, a san kuma wanda zai riƙa duba littafinsa kowane wata.