A ƙirga mutanen Sabo a Sabo

Kafin a kawo allurar rigakafi asibitin unguwa, lissafi ake yi. A ɗauki yawan jama'ar mazaɓa, a ce kashi 4 cikin 100 jarirai ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 5 masu juna biyu, sannan a ware allura da gidan sauro da ungozoma gwargwadon haka. Yawan jama'ar kuwa hasashe ne daga ƙidayar 2006, wadda ta ba jihar Oyo mutum miliyan 5.58. Ta 2023 an ɗage ta. Yarinyar da aka haifa lokacin ƙidayar 2006, yau ta isa zuwa awon ciki.

Wannan hasashe ya fi zaluntar unguwa irin Sabo ta Ibadan. Tun kafa ta a 1916 a kan fataucin goro da shanu, baƙi ne ke ƙara mata yawa: maigida ya sauki fatake, zaure ya cika da 'yan ci-rani, ɗaki guda ya kwanar da iyali duka. Rikicin da aka yi a unguwar Sasa ta Ibadan a Fabrairun 2021 ma ya tarwatsa iyalai zuwa wasu unguwannin, kuma ba takardar 2006 da ta san da su. Sai kuma laifinmu mu Hausawan Sabo, wanda ya fi damuna. Da an ce ƙidaya, sai wasu su hau mota zuwa Kano ko Sakkwato don a ƙirga su a gida. Ƙidayar Najeriya inda ta same ka take rubuta ka. Magidancin da aka rubuta a Arewa alhali matarsa a Ibadan za ta haihu, da hannunsa ya rage wa ɗansa kason allura.

Za a ce ƙidaya siyasa ce, ga ta 1962 da ta 1973 duk an soke su, kuma kowane kai na ƙara wa jihar asali kaso daga asusun tarayya. Haka ne, amma wannan kaso ba zai tsayar da ƙyanda ko amai da gudawa a layukan Sabo ba. Wasu na tsoron adadin ya zama makamin nuna bambanci, to ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. Hoton tauraron ɗan'adam ma ba zai maye gurbin ƙidaya ba: ya taimaka a yaƙin shan-inna a Arewa, sai dai rufin kwano yake gani, ba ya sanin mutum nawa ke kwana ƙarƙashinsa. Duk ranar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta sa rana, Sarkin Hausawa da limaman Juma'a su yi shela kowa ya zauna, a kuma nemi a sa mata masu jin Hausa cikin masu ƙirga, domin su ne za su iya shiga gidajen kulle.